Iskar da Aƙilu Ya Rage

Ranar da Aƙilu ya fara ganin Maijidda, hannunsa baƙi ƙirin yake da dattin taya, ita kuwa tana zaune a bayan sabuwar Ranjroba ta mahaifinta, mota fara fat wadda duk Funtuwa ba ta biyunta a shekarar 1981. Ni da na yi shekara talatin da bakwai ina jan babbar mota, na kife sau uku na fito da ƙafata, ban taɓa ganin mai faci ya saki ƙarfe a kan ɗan yatsansa bai ce wayyo ba sai ranar. Ya ɗaga kai, ta sauke nata, shi ke nan.

Mahaifin nata, Alhaji Maiwada, manomin auduga ne mai gonaki a wajen Maska da Ɗandume. Mutum ne mai zargi. Ko direba bai taɓa ɗauka ba, don a ganinsa kowane direba da tiyon zuƙar mai yake kwana. Ya zo rumfar Aƙilu a kan titin Zariya ne don ya zaɓi tayoyin da za su kai shi gona da damina.

Aƙilu ya mirgino masa iri biyu. Ɗaya mai laushin zane, ta kwalta. Ɗaya mai manyan haƙora, ta taɓo da burji. Ya ce in dai gona ce, mai haƙoran ita ce, amma Alhaji ya sani tana da kuka a kan kwalta. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi me ya sa yake faɗin aibin kayansa da bakinsa. Aƙilu ya ce don in bai faɗa ba hanya za ta faɗa. Aka ɗaura huɗu.

Lokacin da Aƙilu ya durƙusa yana ɗaure notin tayar baya, sai ya ji murya ta taga, ƙasa-ƙasa.

"Malam, yatsan bai yi zafi ba?"

"Ya yi ɗazu. Yanzu ya daina."

Gwaggo Mero, ƙanwar Alhaji, ita ce ta zama hanya. Bazawara ce mai sayar da man gyaɗa, kuma rumfar Aƙilu a kan hanyarta ta kasuwa take. Aƙilu ajin yaƙi da jahilci kawai ya yi, Maijidda kuwa ta gama makarantar horon malamai, amma takardunsa ba ta taɓa gyara musu ko harafi ɗaya ba. Ta farko ga abin da ta ce:

"Zuwa ga Maijidda. Na wanke hannuna sau uku kafin in taɓa takardar nan, duk da haka ki yi haƙuri da gefenta. Tun ranar Talata duk farar motar da ta wuce sai na miƙe. Ni ne Aƙilu mai taya."

Amsarta ta zo a naɗe cikin ɗankwalin Gwaggo:

"Mai baƙin hannu, na ga gefen takardar, kuma shi na fi dubawa. Ina zuwa gidan Gwaggo ranar Alhamis bayan la'asar."

A zauren Gwaggo suke zance, Gwaggo na daga ciki tana tari da gangan in hira ta yi shiru. Shi yana ce mata farar audugata. Ita ba ta sauya masa suna daga mai baƙin hannu ba. Ta taɓa tambayarsa ko kowace 'yar mai mota haka yake rubuta mata, ya rantse cewa kafin ita biron nasa lambar taya kawai ya sani. Ta yi dariya, amma sai da ta sa Gwaggo ta bincika mata a kasuwa. Jinin babanta ne.

Akwai kuma Sulemanu, magatakarda a wurin gurzar auduga, mai fararen kaya da agogo, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidan Alhaji. Shi ne ya fara lura da inda hankalin Maijidda ya koma. Wata rana Alhaji ya ɗauko shi zuwa Malumfashi, tayoyi suka kama kukansu a kan kwalta, wuuu, kamar amon ƙudan zuma. Sulemanu ya ce shi dai ya shiga motocin manya a Kaduna, bai taɓa jin mota na kuka ba. Ya ƙara da cewa akwai samarin da ke cusa laya cikin taya, don duk inda mai gida ya nufa zuciyarsa ta juyo gare su.

Alhaji ya manta sarai cewa an gaya masa zancen kukan. A Malumfashi ya sa wani mai faci ya kwance tayoyin nan huɗu, aka zaro tiyub, aka laluba ciki. Ba laya, ba komai. Wani zai huce, Alhaji kuwa sai ya ce lallai aikin ya yi ƙarfi tunda har ba a ganinsa. Da dangin Aƙilu suka aiko neman izini, ya ce a dakata.

Ana cikin haka Aƙilu ya yi kuskuren da ya kusa raba shi da ita. Gwaggo ta gaya masa cewa Alhaji zai kai Maijidda bikin suna a wani ƙauye bayan Maska, kuma sai an ratsa rafi mai yashi. Duk wanda ya san hanya kamar yadda na san ta, ya san taya mai tauri nitsewa take a yashi. Sai an rage mata iska ta baje ta hau sama. Da hantsi Aƙilu ya biyo ta ƙofar gidan Alhaji, ya ga motar a tsaye, ya danna taya ya ji ta kamar dutse. Maimakon ya yi sallama, kunya ta hana shi, ya tsuguna ya fara rage iskar da kansa.

A haka Sulemanu ya same shi. Kafin Aƙilu ya miƙe, Alhaji ya fito, maƙwabta sun taru, taya tana ta huci. Ya buɗe baki zai yi bayani, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Laya ba ta ci ni ba, shi ne za ka kifar da ni da 'yata? Kada in sake ganin ƙafarka a unguwar nan."

Aka fasa tafiyar. Washegari Alhaji ya cire tayoyin Aƙilu ya jibge a zaure, ya ɗaura masu laushin zane da Sulemanu ya zaɓo, aka ɗura musu iska har suna ƙara in an ƙwanƙwasa.

Maijidda ta ga abin da idonta ta tsakanin ƙyaure. Kwana biyar ba ta rubuta ba. A na shida Gwaggo ta kawo wannan:

"Aƙilu, na gan ka da idona. Ni ma da ina cikin motar. Ka gaya mini gaskiya ko da ba ta da daɗi."

Ya amsa a ranar:

"Farar audugata, don kina ciki na taɓa ta. A yashi taya mai tauri tona rami take, mai taushi tafiya take. A danna tsinken da ke cikin bakin tiyub har cikin tayar ya ɗan baje. Laifina ɗaya, ban yi sallama ba. In kin ƙi ni a kan wannan, kin yi daidai."

Ta karanta, ta ninke, ta ajiye. Maganar ta yi mata kama da gaskiya, amma ta san ƙarya ma ta iya kama da ita.

Bayan mako uku, cikin Agusta, tafiyar ƙauyen ta sake kamawa. Alhaji na tuƙi, Sulemanu a gefensa, Maijidda da Gwaggo a baya. A tsakiyar rafin motar ta kafe. Alhaji ya ba ta wuta, ta ƙara nitsewa. Sulemanu ya sauka ya tura, yashi ya wanke masa fararen kaya. Gabas ta haɗe da hadari baƙi ƙirin, kuma wannan rafi na san shi, in aka yi ruwa a sama ba ya sallama, sai dai ka gan shi da itatuwa a ka. Tuni wani siririn jan ruwa ya fara bin gefen yashin.

Maijidda ta zaro kibiyar tsifa daga jakar Gwaggo, ta sauka, ta tsuguna gaban taya ta danna tsinken. Alhaji ya yi mata tsawa, ya ce ashe har ita asirin ya kama. Ba ta ɗago ba. Ta bi huɗun ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe yashin gabansu da hannu, sannan ta tsaya a tagarsa.

"Baba, ka ja a hankali. In ba ta fita ba, na bar maganarsa har abada."

Ya ja a hankali. Motar ta yi nishi, ta ɗago, ta taka yashin ta haye gaɓa. Ba su yi nisa ba suka waiwaya suka ga ruwa ya shafe inda suka tsaya.

To, kada ku ɗauka Alhaji ya yarda nan take. Cewa ya yi haɗa baki suka yi. Da ruwa ya janye, ya koma rafin shi kaɗai da famfon hannu da manoma huɗu masu turi. Ya cika iska ya shiga, ta kafe. Ya rage, ta fita. Ya koma gida ya ɗaura masu haƙoran ya dawo, ya gwada a yashi, ya gwada a taɓon fadama inda na Sulemanu suka yi ta santsi. Kwana uku yana wannan aiki, mutanen ƙauye na zaune a gaɓa suna kallo.

Rana ta huɗu ya tsaya gaban rumfar Aƙilu, bai kashe mota ba. Ya tambaye shi me ya hana shi yin bayani tun ranar. Aƙilu ya sunkuyar da kai ya ce an ɗaga masa hannu, shi kuwa ba ya magana a kan hannun babba. Alhaji ya dube shi ya ce:

"Ka turo magabatanka ranar Juma'a. Amma ka sani ina kallonka."

"Ka yi ta kallo, Baba."

Bayan an gama cirar auduga aka ɗaura aure. Sulemanu ya aiko cewa aiki ya riƙe shi. Da Gwaggo ta raka amarya ɗakinta ta fita, Aƙilu ya tambaye ta ko a rafin nan ta riga ta yarda da shi. Ta ce a'a, a taya ta uku ma tana shakka.

"To me ya sa kika sa aurenmu a kai?"

"Don in sani ne, mai baƙin hannu. Yanzu na sani."

Allah ya ba su 'ya'ya bakwai, ya kuma ba su zaman da ko Alhaji Maiwada, da duk bincikensa, bai samo masa aibi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Allah ya jiƙansa, su kuma ya ƙara musu albarka.