Bulon da Ba Suna

Rana na shirin faɗuwa na ɗauki bokiti na nufi makaranta in ba sabon gini ruwa. Siminti in bai sha ruwa ba tsagewa yake yi. Ni kaɗai ke aikin, ba kuɗin lebura.

Yara sun yi wa makarantar yawa. Wasu a ƙasa, wasu a kan taga, wasu a tsakar rana. Jikata tana cikin na rana, ita ce ke zaune tare da ni tun rasuwar matata. Aka nemi kuɗin ƙarin aji, ba a samu ba. Sai hedimasta ya ce iyaye su kawo bulo, kowa ya rubuta sunan ɗansa a jiki da gawayi. Wanda na aza bulonsa a bango, ɗansa ya sami gurbi a benci. Na jikata na fara azawa.

Wata safiya na tarar da tarin bulo a bayan fili, ba suna. Baƙaƙe, masu sanyi, sun fi na kasuwa nauyi.

"Malam, waɗannan na waye?" na tambayi hedimasta.

"Baba magini, jiya kana kukan bulo ya ƙare, yau kuma asalinsa kake tambaya? Aza kawai, damina ba ta jiran mu."

Na aza. Da su na gama bangon baya.

A yammacin nan da na je ba ginin ruwa, an riga an rufa kwano, an jera benci. Filin ba kowa. Ɗakin na ƙamshin ɗanyen siminti da sabon katako. Na watsa wa bangon gaba ruwa, ya gangaro yadda ya saba. Na watsa wa na baya.

Ko ɗigo bai sauko ba.

Na ƙara. Sai na ji ana kurɓa, kamar mai ƙishi ya kafa kai a kwano. Wani wari ya taso, irin na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Benci ya yi ƙara a bayana. Wani ma ya yi. Wani kuma.

Na juya. Ba kowa a kai. A bakin ƙofa kuwa mace ce tsaye. Ni na gina ƙofar nan, na san tsayinta. Matar sai da ta sunkuya.

"Magini," in ji ta, a hankali.

"Na'am."

"Ka aza namu."

"Ban san naku ba ne."

"Ka dai aza. Ina gurbin yarana?"

Wani abu ya kama gefen rigata. Ƙananan yatsu, masu sanyi. Wasu suka kama gwiwata.

Ta miƙo hannu daga inda take, ya wuce benci duka, ya dafa bangon baya.

Bangon ya tsage. Yashi ya zubo mini a ka. Katakon rufi ya fara kuka.

"Layin baya," na ce. "Jikin bangonku. Duka."

"Har yaushe?"

"Muddin ginin na tsaye."

Ta ɗauke hannu.

Yatsun suka sake ni ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen bai so ba.

Ta taga na fita, da yake ba a sa mata ƙarfe ba tukuna. Ban waiwaya ba.

Da safe na ba hedimasta labari, ya ce, "Baba, yunwa ce, ka riƙa cin abinci." Na kai shi ya ga shatin hannu a busasshen siminti, sama da inda tsanina yake kaiwa. Ya hana zama a layin baya.

Gurbi ya kasa. Iyaye suka taso, kowa na nuna inda bulonsa yake. Ni na ba da layin, don haka na ce a fara cire jikata. 'Yata ta zo ta haɗa mata kaya, ta tafi da ita inda take aure. Ko zama uwar ba ta yi ba.

Ajin na nan, bai ƙara tsagewa ba. Ni kuma har yau in na dafa abinci na mutum biyu nake aunawa, sai na zuba a kwano nake tunawa.