'Yar Tsanar da Rabe Ya Ƙona

A shekarar da aka samu mulkin kai, Turai ta baro Kurfi a ƙafa bayan isha'i, ko sallama ba ta yi wa kowa ba. Yayanta Rabe ne ya ƙona 'yar tsanar tsumma da marigayiya innarsu ta ɗinka mata tana ƙarama, wai gunki ce. Ita kaɗai ta rage mata daga hannun Inna.

Tana tafe tana zaginsa a fili har ta kai rafin da ke gab da Tamawa. Nan ta ji ƙauri. Wata yarinya ce zaune kan yashi, ta ba ta baya, hayaƙi na tashi daga ɗankwalinta.

"Ke 'yar wa ce? Ba ni hanya, yau ba ni da haƙuri," in ji Turai.

"Kina tsaye ya jefa ni wuta," in ji yarinyar, muryarta kamar ana yaga zane. "Shi na gama da shi. Ke me ya riƙe hannunki?"

Turai ta ɗaga fitilar da ke hannunta. Yarinyar ta waiwayo. A gurbin idanunta maɓallai ne biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi, ɗinkin Inna.