Hannun da Ya Saƙa Mayafin Umma

Ko takalmi Amarya ba ta cire ba ta zube a kan kujerar falo. Tun safe take tsaye a kantin magani, ƙafafunta sun yi suntum, kanta na sarawa. Shekararta biyu da aure amma har yanzu Amarya ake kiranta, don gidan na uwar mijinta ne, kuma Umma ba ta sauya wa mutum suna, balle ta sauya ra'ayi a kansa.

Mijinta Auta ya leƙo daga uwar ɗaki. Sai da ya tabbatar ƙofa a rufe take sannan ya fito, kwarashi a hannu, zaren ulu na bin sa a ƙasa kamar jela.

"Sannu da aiki. Duba, na kusa gama wannan."

"Ya yi kyau, Yallaɓai," ta ce, ko kallo bai ishe ta ba. "Shi ma ni na saƙa, ko?"

"Don Allah mana. Wannan ne na ƙarshe."

Ta gaji da jin na ƙarshe. Auta malamin lissafi ne, ya koyi saƙa daga bidiyo a waya, wai don ya sauke hayaniyar ɗalibai daga kansa. Abu kamar wasa hannunsa ya faɗa. Ranar da Umma ta tsinci wata 'yar hula a kan kujera ta tambayi mai ita, kafin Amarya ta buɗe baki ya ce, "Aikinta ne." Tsoron dariyar 'yan uwansa ya fi ƙarfinsa.

Abin takaicin, saƙar nan ce kaɗai Umma take yaba mata. Girkinta gishiri ya yi yawa, gaisuwarta a tsaitsaye, aiki ya hana ta zaman gida. Amma da aka kai wa Umma mayafin ulu ruwan toka, har albarka ta sa mata. Amarya ta karɓi albarkar tana jin kunya, don ta daɗe tana yunwarta.

Ranar Asabar da yamma Umma ta aiko kiranta. Ta same ta da Yaya Babba, babbar yayar Auta, wadda ita ma ta fara koyon saƙa kwanan nan, har kwarashi take yawo da shi a jaka. Mayafin na kan cinyar Umma, ƙusar kujera ta kama gefensa ya fara warwarewa.

"Yauwa, mai abu ta zo. Kama mini bakin nan kafin ya tafi gaba ɗaya."

Amarya ta durƙusa ta karɓi kwarashin, ta riƙe shi yadda take riƙe biro. Duk mai saƙa ya san idon ƙarshe ake fara kamawa. Ita kuwa sai ta ga zare na reto, ta ja shi don ta ɗaure. Layi guda ya zube a hannunta. Ta rikice ta sake ja, na biyu ya bi shi.

"Ikon Allah," in ji Yaya Babba. "Ko ni da na fara shekaranjiya na san ba a jan wannan."

Umma ta dubi Amarya.

"Ashe saye kike yi a kasuwa, ki zo ki ce mini aikin hannunki ne? Na yi ta nuna wa mutane ina cika baki." Muryarta ba ta tashi ba, shi ya fi ciwo. "Komai naki na iya haƙuri da shi, ban da ƙarya. Ki haɗa kayanki ki je gida, sai na neme ki."

Auta na tsaye a bakin ƙofa, tun ɗazu yake nan. Amarya ta ɗaga ido ta dube shi sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Kalma biyu za ta faɗa ta wanke kanta, amma ta ga in ita ce ta tona shi, to me ya rage a auren? Ta gaji, gajiyar da ko gardama ba ta iyawa. Hawaye suka zubo mata.

"To, Umma. Ki yafe ni."

Ta miƙe. Har ta gifta shi a bakin ƙofa, sai ta ji ya ce, "Dakata."

Ya shiga ya zauna a ƙasa gaban mahaifiyarsa, ya ɗauki mayafin. Ya laluba ya kamo idon da ya kuɓuce, ya naɗa zaren a yatsa, kwarashin ya shiga kai da komo. Nan da nan layin ya fara komawa inda yake.

"Ni ne, Umma. Hular, mayafin, duk ni ne. Ni na ɗora mata, ita kuma ta rufa mini asiri."

Yaya Babba ta tuntsire da dariya. "Auta, kai da gemunka?"

"Rufe mini baki," in ji Umma. Ta juya kan ɗanta. "Saƙar ba ta ba ni kunya ba. Abin da ya ba ni kunya, kana tsaye da ƙafafunka ina korar matarka a kan ƙaryarka, sai da ta kai ƙofa." Sannan ta dubi Amarya. "Ke kuma ana korarki kin yi shiru?"

"Ba ni ya kamata in faɗa ba, Umma."

Umma ba mai ba da haƙuri ba ce, kuma ranar ma ba ta bayar ba. Gyara zama kawai ta yi, ta bar wuri kusa da ita a kan doguwar kujerar da ko 'ya'yanta ba sa hawa.

"Zo ki zauna, 'yata. Kai kuma ci gaba, a nan ƙasa, inda kowa zai gan ka."

Amarya ta zauna tana share fuska, ba murna take ji ba sai sauƙi. Haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba, amma saura ƙiris ya ci aurenta. Mace tana iya ɗaukar wa mijinta kaya don so, sai dai duk namijin da ya bari matarsa ta ɗauki kunyarsa, ya sani ita ma mutum ce, tana gajiya. Auta ya gane haka a makare, Allah ya taimake shi ba ta riga ta fita ba.