Bokan Turai a Gidan Iyatu

Ta bayan labule Innayatu ta fara ganinsa, tsaye a ƙofar gidansu na unguwar Aƙiƙ a Madina, ya rungume takardu kamar jariri. Shu'aibu ke nan, ɗan Zariya mai karatu a jami'ar garin. An ce masa Innayatu 'yar Malam Ashafa tana buga wa ɗalibai aiki da tafireta.

Aikin nasa a kan wasu matan Ingila da Amurka ne na ƙarnin baya, masu taruwa a ɗaki su ce matattu na magana ta bakinsu. Abin da ya ɗaure masa kai, da yawansu kuma su ne masu fafutukar 'yancin mata. Innayatu tana bugawa tana gardama da shi ta tarho, har gardama ta zama hira, hira ta zama so. Yana kiranta Ajwa, wai duk dabinon Madina babu kamarta. Ita kuma ta laƙaba masa Bokan Turai.

Tsokanar nan ce ta ja musu. Ran da ya zo gaisuwa, mahaifiyarta Iyatu ta tambaye shi abin da yake yi. Bawan Allah ya cakuɗa Hausa da Larabci kamar kowa a garin.

"Ina tahdiri ne, Inna, a kan tahdirul arwahi."

Tahdirin farko shirya kundin digiri ne, na biyu kiran ruhohin matattu. Iyatu na biyun kawai ta ji. Ga shi da kunnenta ta sha jin 'yarta tana ce masa boka. Sabiru, ɗan ƙanwar Iyatu da ya daɗe yana son Innayatu, ya ƙara gishiri, ya ce zancen sihiri a ƙasar nan ba wasa ba ne, takardun zama za a ƙwace a kore su duka.

Innayatu ta yi bayani har bakinta ya gaji. Ta ce mai nazarin cuta ba majinyaci ba ne. Malam Ashafa ya gane sarai, har ya fara cewa yaron yana da hankali, amma Iyatu ta jawo makamin da ta saba, wato sunan mahaifiyar Malam ɗin da ta daɗe da rasuwa.

"Da Hajiya Dumbulwa na raye, ba za ta ba boka jikarta ba."

Malam ya janye maganarsa, kamar kullum. Da sunan nan aka hana shi ƙaura zuwa garin Khaibar, da shi aka sa Innayatu makaranta.

Da yamma Shu'aibu ya bugo, murya a sanyaye. "Ajwata, ko in sauya maudu'in? Na fi son ki da digiri."

"Kul ka sake faɗa, Bokana. Yatsuna sun sha wuya a kansa."

Haushi ya ishe ta. Ta ajiye tarho, ta tarar da iyayen a tsakar gida, ta durƙusa.

"Inna, ki yi haƙuri, amma gidan nan ke ce mai tahdiri. In Baba ya ƙi jin maganarki sai ki kira Hajiya ta faɗa masa. Abin da Shu'aibu ke rubutawa ke nan. Mata ne da ba a saurarensu, sai suka ari bakin matattu."

Malam Ashafa ya ƙware da shayi. Iyatu ta buɗe baki za ta ambaci Hajiya, ta ga babu hali, ta rufe. Can ta tambaya ƙasa-ƙasa ko an saurari matan nan daga baya. Innayatu ta ce an saurare su, amma sai da suka koma magana da bakinsu.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Iyatu ta riƙe hannunta, ido ya cika.

"Da Hajiya na raye..." Sai ta tsaya, ta share hawaye. "A'a. Ni Iyatu na yarda da shi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Malam Ashafa ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.