Littafin da Aka Sauya Mini

"Ba wannan ba!" Na ture littafin har ya faɗi ƙasa. "Maganarsa ta yi yawa. Ba zan iya haddace shi kafin gobe ba."

Mai shagon ya sunkuya ya ɗauka, ya goge shi da hannun rigarsa, ya mai da shi kan kanta. Shi ne mutumin da nake so in aura. Gobe kuma mahaifiyarsa za ta zo ajina.

"Masoyiya, zauna mana..."

"Ba zan zauna ba. Ɗauko wani."

'Yan shekara uku zuwa huɗu nake koyarwa. Kullum in sun gama cin abinci sai su baje a kan darduma, ni in zauna a 'yar kujera in karanta musu littafi mai hotuna. A can inda na yi karatu aka koya mini ƙa'idar: fuskar littafi ta yara ce, malama ta riƙe shi a gefen kafaɗarta ta riƙa leƙawa. Wannan ƙa'ida ce ta rufa mini asiri. Tun bara likita ya ce tsakiyar ganina na mutuwa. Ta gefe ina ganin launi da motsi. Abin da na kalla kai tsaye kuwa sai ya narke. Tabarau ba ya magani.

Bayan iyayena, shi kaɗai ya sani. Duk yamma nakan biyo ta shagonsa, ya karanta mini, ya faɗa mini abin da ke kowane shafi, in haddace. Da safe in ɗaga littafi in yi kamar ina karantawa.

Sai 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ke koyar da ajin da ke kusa da nawa, ta gan ni na kai waya har kan hancina. Dama ita dangi suka so ya aura. Ba ta kwana da maganar ba, ta kai wa Umma, mahaifiyar tasa.

Umma ta ce ba za ta aura wa ɗanta wadda zai riƙa ja da sanda ba. Ta ce za ta zo makarantar da sunan duba jikarta, ta gane wa idonta.

"Ki bar ni in gaya mata gaskiya," ya ce.

"Ai ka rantse mini ba za ka faɗa ba."

"Na rantse, amma rantsuwar nan tana ci na. Jiya ta tsare ni da ido, na rasa inda zan sa kaina."

"In ka gaya mata, ka gama da ni."

"In ta gano da kanta fa?"

"Ba za ta gano ba. Ɗauko littafi!"

Ya yi ajiyar zuciya, ya juya ga kanta. Ya san abin da nake nema: takarda mai kauri, kada shafi biyu su manne su juyu tare. Layi ɗaya a kowane shafi. Hoto babba. Da wata magana da ke ta dawowa, wadda yara za su riƙa amshi.

"Ga wani, rabin raina. Bangonsa ruwan ɗorawa. Agwagwa ce ta yar da takalminta ɗaya."

"Agwagwa da takalmi?"

"Ke dai saurara. Tana bi gida-gida. Akuya ta miƙo mata wani, ta ce, 'Ba nawa ba ne!' Kunkuru ya miƙo, 'Ba nawa ba ne!'"

"Yara za su so ihun nan."

"Kin ga? Yanzu kika tuna da yaran. Tun ɗazu Umma kike zaɓa wa littafi."

Na haddace agwagwar tas kafin ya rufe shago.

Washegari na ajiye littafin a kan teburina. Wani yaro ya jiƙa wandonsa, na fita da shi na gyara shi. Da na dawo, ƙanshin turare ya gaya mini Umma ta iso. Tana zaune a bayan aji, jakarta a kan cinya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Lafiya," ta ce. "Yi aikinki."

'Yar ƙanwarta na jingine a bakin ƙofa.

"Na zo taya ki kula da su ne, ƙawata," ta ce, murya kamar zuma.

Na ɗauki littafin. Ruwan ɗorawa, girmansa ɗaya, nauyinsa ɗaya. Na zauna, na ɗaga shi, na buɗe.

"Wata rana, agwagwa ta tashi da safe, ta duba ƙafarta... babu takalmi ɗaya!"

Shiru.

Yara ba sa shiru a wurin da ya kamata su yi dariya. Duk da haka na juya shafi.

"Sai ta je gidan akuya..."

"Anti!"

Jikar Umma ce. Aku muke ce mata, don bakinta ba ya hutawa.

"Anti, ina agwagwar?"

"Ga ta nan, Aku."

"Ba agwagwa ba ce! Mota ce!"

"Mota ce! Mota ce!" Ajin ya ɗauka.

"Anti ba ta gani! Anti ba ta gani!"

Waƙa suka mai da shi, har da tafi. Ba mugunta ba ce, gaskiya suka faɗa.

Na juyo da littafin na kalla. Wani abu ja, wani abu toka-toka. An sauya mini littafi. Shi ke nan.

"Ayya," in ji ta bakin ƙofa. "Ko kin gaji ne? Kawo in karanta musu."

Na ji takunta tana matsowa. Ƙafafuna suka ce in miƙa mata in fita, in yi ta tafiya har gida.

Amma yara na zaune suna jira. An yi musu alkawarin labari.

"Koma ajinki," na ce mata. "Naki yaran su kaɗai ne."

Na sake ɗaga littafin a gefen kafaɗata.

"Kun yi gaskiya. Idon Anti ba shi da lafiya, ba ya ganin hoto. Yau ku za ku karanta mini. Aku, me motar ke yi?"

"Ta maƙale a taɓo!"

"Wayyo! Wa ke ciki?"

"Biri! Yana kuka!"

"Ba kuka yake ba, hamma yake!" wani ya ce.

"Kuka ne!"

"To, a bar shi ya yi duka biyun. Yaya mota ke yi in ta maƙale?"

"Vuuum! Vuuum!"

Na juya shafi. Suka ce giwa ta zo. Na juya, suka ce ta tura da gindinta, suka faɗi ƙasa don dariya. Muka tura motar nan tare, kowa da nishinsa. Hawaye na bin fuskata, ban share ba, don hannu ɗaya na riƙe da littafi, ɗaya na juya shafi.

Da motar ta fita daga taɓo suka yi ihu. Na rufe littafin.

Kujerar baya babu kowa.

Ban je shago ba ranar. Ya yi ta kira, ban ɗaga ba. Ya zo ƙofar gida, na aika a ce ina barci. Ya sake zuwa washegari, ya tsaya a bakin tagata.

"Zuciyata, ko kalma ɗaya..."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ko kallona ba ta yi."

"To ka ji amsarka. Je ka auri mai ido."

"Wallahi ba zan..."

"Kada ka sake rantsuwa saboda ni. Wadda ka yi ta isa."

Na rufe tagar. Na zauna a ƙasa, na cusa mayafi a bakina don kada mahaifiyata ta ji.

A ƙarshen mako, da hantsi, ina wanke kwanoni, mahaifiyata ta ce in fito na yi baƙuwa. Turaren ya riga ta magana.

Na durƙusa. Umma ce ta fara magana.

"Likita ya ce zai warke?"

"A'a, Umma."

"Zai ƙaru?"

"Zai ƙaru."

"Kin so ki yaudare ni."

"Na so."

"Ko musu ba za ki yi ba?"

"Babu abin da ya rage da zan ɓoye."

Ta gyara zama.

"Ni ba na iya daɗin baki, yarinya. Raina bai so auren nan ba, har yanzu bai gama so ba. Ina tsoron wahalar da ɗana zai sha. Ita kuma waccan, 'yar ƙanwata, na san hannunta a abin da ya faru, ni da ita ne." Ta numfasa. "Amma na ga an tsiraita ki a gaban mutane, ba ki gudu ba, ba ki huce a kan 'ya'yan mutane ba. Na haifi masu ido biyu da ba za su iya haka ba. Aku kuma ta hana ni sakat, wai ita ce idon Anti, kada wanda ya ƙwace mata aikinta."

Na kasa ɗaga kai.

"Ki gaya wa mahaifinki manya za su zo. Sai dai daga yau, in abu ya same ki, daga bakinki zan ji, ba daga bakin wata ba."

"To, Umma."

Ta miƙe, ta ɗauki jakarta. Na ji ta kai bakin ƙofa.

"Umma..."

"Mene ne kuma?"

Kunya ta kama ni, amma ba ni da lokacin kunya.

"Kada a ja lokaci. Har yanzu in ya tsaya a gefena, ina ɗan ganin fuskarsa. Ina so in gan shi ranar."

Ta tsaya cak. Na ji ta ja hanci, ta yi tari don kada in gane.

"Marar kunya," ta ce. "Wata mai kamawa."