Hoton Kawu Bentsil a Bakin Teku

"Kukua! Idan wayar nan ta faɗa cikin ƙullun nan, ke da ita zan naɗe a ganye in dafa!"

Mahaifiyarta Maame Araba ce ke faɗa, hannuwanta dumu-dumu da ƙullun masara na dafa dokunu, hayaƙin murhu ya cika tsakar gidansu da ke bayan kasuwar kifi a Sekondi. Kukua ta yi wuf ta soke wayar a ƙugu, ta jawo busasshen ganyen ayaba tana ƙunshe dariya.

"Maame, gaisuwa fa kawai ya aiko miki."

"Ni ya aiko wa gaisuwa, ke kike washe baki? Wannan ɗan cacan naki!"

"Haba Maame! Sau nawa zan faɗa? Ebow ba ya caca, dubawa yake yi."

"Mai ɗanɗana miyar kowa ai shi ma ya ci," in ji Maame, ta dangwara dokunu cikin tukunya.

Baki ne kawai irin na Maame. A zuciyarta tana son yaron, don tun da ya fara zuwa gidan bai taɓa wuce ta da itace a ka bai karɓe ba. Ebow Arhin da Kukua a ƙungiyar mawaƙan coci suka haɗu, shi yana can baya yana ɓata wa mutane waƙa da muryarsa mai kama da ta injin kwalekwale, ita tana gaba tana juyowa tana harararsa, har harara ta zama abin da ta zama. Aikinsa ne dai ke da wuyar bayani ga manya. Wani shafin intanet ne ya ɗauke shi: duk gidan cacar waya da aka buɗe, sai ya shiga da kuɗin ofis ya gwada, ya ga ko garaɓasar da suke alkawari ta gaske ce, ko suna biyan wanda ya ci, ko wasanninsu da maguɗi, sannan ya rubuta wa jama'a abin da idonsa ya gani. Kuma duk rubutun da ya yi, a ƙarshe sai ya ce wanda bai shiga ba shi ya fi kowa riba. Maigidansa ya yi mita har ya gaji ya ƙyale shi.

Amma maganar aure ba a hannun Maame take ba. Tun ranar da kwalekwalen mahaifin Kukua ya fita bai dawo ba, yayan Maame, Kawu Bentsil, shi ya zama uba. Shi ya goya ta a wuya zuwa makaranta, shi ya sayar da raga ya kai ta koyon aikin jinya. A bakin teku kuwa in ya yi tari, masunta sukan ajiye abin da ke hannunsu su saurara.

Ranar da dangin Ebow suka zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato gaisuwar neman aure, da kwalaben giya biyu, Kawu ya tarbe su da fara'a, ya ce sun ji, za su yi shawara, kamar yadda ake cewa. Kukua tana laɓe bayan labule zuciyarta fari ƙal. Sai da baƙi suka miƙe ta ga ya ja Ebow gefe, ya dafa kafaɗarsa suna magana ƙasa-ƙasa, ta ga murmushin Ebow yana dusashewa.

Da la'asar suka zauna a kan katangar bakin ruwa. Daga nan ana hango ƙaton ƙyalle da aka ɗaura tsakanin bishiyoyin kwakwa biyu, da hoton Kawu Bentsil ya yafa kente, ya ɗaga waya yana dariya. A ƙasa an rubuta sunan sabon gidan caca, Eposika. Wasu samari masu ƙamshin turare ne suka zo daga birnin Akara suka naɗa shi wakilinsu, kuma tun da masunta suka ga fuskarsa suka yi ta shiga.

"Me ya ce maka?" Kukua ta tambaya.

"Ya ce in yaba Eposika a shafinmu. In na yi, ya karɓi kwalabe."

"To ai shi ke nan! Ka yaba mana!"

Ebow ya girgiza kai. "Kuks, na riga na gwada su. Sun ce ka sa sidi ɗari su ba ka bonas ɗari biyar. Amma can ƙasa, cikin rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, sun ce sai ka juya kuɗin a caca sau sittin kafin ka taɓa ko sisi. Na daure na juya, na ci kaɗan, na nemi a turo mini ta momo, asusun kuɗina na waya. Har yau abu ɗaya nake gani: ana dubawa. Wasan jirgin nan nasu da ke tashi, in ka sa kaɗan ya yi sama, in ka sa da yawa ya fashe tun bai bar ƙasa ba. Lasisin da suka manna ma na wani kamfani ne da ya daɗe da mutuwa."

"Filis, Ebow, layi biyu kawai. Ka ce kalolinsu na da kyau, ka ce manhajar ba ta cin data. Ai ba ƙarya ba ce!"

"Ba ƙarya ba ce, amma tarko ne. Kin san Egya Kwansa mai gyaran raga? Jikarsa ke karanta masa abin da na rubuta. In na ce da kyau, gobe zai zuba kuɗin maganinsa."

"Ni fa? Ni ba ka tausayina?" Hawaye suka zubo mata. "Egya Kwansa za ka aura?"

Ya miƙa hannu zai share mata, ta kauce. Ya ce, "Allah ya sani ban taɓa son kowa kamar ke ba. Amma in na sayo ki da ƙarya, da wane ido zan riƙa kallonki da safe?"

Ta tashi ta bar shi a nan. A hanya tana kuka tana zaginsa a zuci, kuma abin haushi, can ƙasan zuciyar ta san da ya ce to, da ya rage mata girma.

Ebow bai saki rubutunsa ba sai da ya fara zuwa gaban Kawu, hannu biyu a baya, ya yi masa bayani a hankali. Da ma ya sani ya aiko dattijo! A Sekondi yaro ba ya kallon babba ya ce masa an yaudare ka, balle a gaban ƙanwarsa da 'yarta. Kawu ya miƙe har kujera ta kife.

"Ni? Ni Bentsil za a cuta ban sani ba? Ina karanta teku tun uwarka ba ta yi haƙori ba! Araba, ɗauko kwalaben nan ya tafi da abinsa!"

"Yaya, ka yi haƙuri, yaro ne..."

"Na ce ɗauko!"

Kwalabe suka koma a rufe, rubutun Ebow ya fita washegari, Kawu kuma ya ce duk ranar da ya ga ƙafar yaron a gidan, shi da Kukua sai dai a lahira.

Ƙawayenta na asibiti suka yi ta zuga ta. "Ke, wannan zamanin? Ku je kotu ku sa hannu mana, wa ya isa!" Ebow ma da ta gaya masa a waya, cewa ya yi a'a, mutumin da ya goya ta a wuya ba za a bi ta bayansa ba. Sai suka zauna jira. A coci ta daina juyowa, don in ta juyo kuka take. Ta rame har Maame ta fara ɗura mata miyar kwakwar manja da kaguwa kamar mai jego. Duk da haka ba ta fasa kai wa Kawu abincinsa kullum ba, ta durƙusa ta zuba masa ruwan wanke hannu, ta gaishe shi ko ya amsa ko ya yi gum. Damina ta wuce, lokacin kifi ya zo ya tafi.

Wata rana da ta ajiye kwano za ta fita, ya kira ta da sunan da ya daɗe bai kira ba.

"Uwata, zo zauna."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya zaro waya, ya lalubo da ƙaton yatsansa da igiya ta cinye, ya nuna mata. Lambobi ne reras, kuɗin da ba ta taɓa gani a wuri ɗaya ba.

"Kina tsammani don cikina nake yi? Ranar da aka ɗauko ki daga asibiti ubanki ya ce in 'yar nan ta tashi aure, sai an rufe titi. Bai ga ranar ba. Ni kuma teku ta tsufa, kifi ya ƙare, raga sai robobi take kamowa. Wannan duk naki ne. Ban taɓa cire ko sisi ba, bari nake ya taru. Shi ne yaron nan zai zo ya ce iska nake tarawa."

Kukua ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kuka mai isarta. Duk watannin nan ta ɗauka kwaɗayi ne ya rufe masa ido, ashe ita ce a cikin idon. Da ta natsu ba ta ce masa an cuce shi ba, ta ga inda wannan hanyar ta kai Ebow. Sai ta share fuska ta yi murmushi.

"Kawu, akwai wata atamfa da na gani a kasuwar Takoradi, ruwan ganye da zaiba. Ka ciro mini kuɗinta a ciki mana, in fara ganin alherin aurena."

"Atamfa ɗaya? Ke dai ba ki da buri!" Ya yi dariya, ya danna, ya ce ta saurari ƙarar momo.

Momo bai yi ƙara ba. Washegari ta kawo abinci, bai ɗago ba. Ta leƙa ta gefen ido ta ga rubutun: ana dubawa. Ta ajiye kwanon ta fita. Ya kira samarin Akara, suka ce ya ƙara zuba wani abu a buɗe masa asusun. Ya sake kira, aka ce lambar ba ta aiki. Kwanaki yana zaune a ƙofar ɗaki da waya a hannu kamar mai jiran kwalekwalen da ya yi dare, Kukua tana kawo abinci tana kwashe shi yadda ta kawo. Ko sau ɗaya ba ta ambaci atamfa ba, ba ta ambaci Ebow ba.

Ranar Talata, da yake ba a shiga teku, masunta duk suna kan yashi suna ɗinkin raga. Kukua na dawowa daga aiki ta ga taro, ta kutsa. Kawu ne ya taka gefen kwalekwalensa, da wuƙar raga a hannu, ya yanke igiyar ƙyallen nan. Hotonsa ya faɗo kan yashi.

"'Yan'uwa!" ya ce. "Fuskata kuka gani kuka shiga. An cuce ni, ni kuma na jawo ku. Duk wanda bai zuba ba kada ya zuba. Wanda ya zuba, ga ni, ya zage ni a nan, kada ya zage ni a bayan ido."

Kuma sun zage shi. Wani ya jefar da hularsa ƙasa, wata mai ƙyafe kifi ta tafa hannu a fuskarsa tana kiransa tsohon banza. Mutumin da in ya yi tari ake shiru, ya tsaya ya shanye duka. Kukua ta ratsa ta kama hannunsa, sai ta ga wani ya riga ta kama ɗayan. Ebow ne. Bai ce ai na faɗa ba. Ya dai juya ga jama'a ya ce duk wanda ke da saƙon shaidar zuba kuɗi a wayarsa kada ya goge, zai haɗa su ya kai ƙara hukuma, ko da abin da za a samo kaɗan ne. Suka rako tsohon gida, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A bakin ƙofa Ebow ya tsaya, don ba a ɗage masa dokar ba, ya rusuna ya juya.

Kawu ya shiga ya zauna. Can ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Uwata, ki ce wa yaron nan ƙofa tana nan inda ya bar ta. In hannunsa bai gaji ba, ya sake ƙwanƙwasawa."

Ba a rufe titi ba. A tsakar gidan Maame aka yi, da kujerun haya da rumfa ɗaya mai yoyo. Da aka jera kayan dangin ango, aka fito da amarya, Kawu ya miƙe don ya yi mata tambayar da ake yi sau uku.

"Kukua, mutanen nan sun kawo kaya saboda ke. Mu karɓa?"

"Ku karɓa, Kawu."

"Ki duba da kyau. Yaron nan ba shi da mota, kuma bakinsa ba ya iya rufa wa babba asiri. Mu karɓa?"

Jama'a suka fashe da dariya, Maame tana share ido da bakin zani. "Ku karɓa, Kawu!"

Da ya zo ta uku sai ya bar raha. Ya kalli Ebow, ya kalli 'yar da ya goya. "Na so in ba ki dukiya, ban samu ba. Ga mutumin da ya yarda ya rasa ki a kan ya yi wa talakawa ƙarya. Mu karɓa?"

Kukua ta durƙusa ta rungume ƙafafunsa. "Ku karɓa, Baba."

To, 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Kuɗin da ke walƙiya a fuskar waya ba naka ba ne sai ya shiga hannunka, kuma caca ko an yi mata kwalliya caca ce. Wanda ya yi wa duniya ƙarya don ya same ki, wata rana ke zai yi wa. Kukua ta yi haƙuri da babba ba ta tozarta shi ba, Ebow ya riƙe gaskiya bai sayar ba, ga shi sun sami juna, kuma ba su rasa tsohonsu ba.