Ƙafar Auta

"Kowa ya kwanta!"

Da rana tsaka, a shagon gwal. Goga, shugaban gungun 'yan fashi, yana cikin cika jaka sai jiniya ta tashi. Suka bi ta baya, suka haura katanga. Goga ya faɗi kan kafaɗa, ta goce. Auta ya diro bayansa—ƙas!

Sitiyari, direbansu kuma yayan Auta, ya jawo ƙaninsa cikin mota. Ƙashin ƙwauri ya fasa fata ya leƙo, duk ƙasa.

"Yaya, ƙafata!"

"Rufe mana baki!" in ji Goga. "Kai, taka mota!"

A wani tsohon gareji suka ɓuya. Goga, da ko allura bai taɓa riƙewa ba, nan take ya zama likita. Ya tuttula man birki a ciwon wai ya tsayar da jini, ya danna ƙashin ciki, ya ɗaure cinyar tamau da roba. Auta ya yi ihu har ya suma.

Sufeton 'yan sanda kuwa jinin gindin katanga kawai ya duba. "Wannan ba zai yi nisa ba. A tsare ƙofar kowane asibiti."

Da la'asar Sitiyari ya ɗauko wata nas daga kyamis da bakin bindiga.

"Ni za ki fara dubawa," in ji Goga.

Ta ja hannunsa a hankali tana juyawa—ƙwas! Kafaɗa ta koma. Ta durƙusa kan Auta. Yatsun ƙafar sun yi sanyi ƙalau, ta lalubi bugun jini, babu.

"Wa ya mayar da ƙashin? An tura datti ciki! Wankewa ake yi, a rufe, a tallafe da katako, a ruga asibiti. Wannan sai tiyata, yanzu."

"Ke dai ɗora ƙafar," in ji Goga.

"Wallahi ba ta ɗoruwa a nan. In kun jinkirta, har ransa."

Goga ya wulwula hannunsa da ya warke, ya rungumi jaka. "Asibiti ai caji ofis ne. Mu bar shi, rabonsa naka ne."

Zuciyar Sitiyari ta tafasa, amma ya haɗiye.

"To, Oga. Mu yar da shi bakin hanya, wani ya tsinta."

Suka loda Auta. Mota ta hau titi, ta ƙi tsayawa.

"Tsaya nan! Na ce tsaya!"

Sitiyari ya murɗa kai, ya afka ƙofar asibiti yana danna hon. Goga ya zaro bindiga—tau! Ɗan sanda ya riga shi.

Goga ya mutu rungume da jakar. Auta ya rayu, amma sai da aka yanke ƙafar daga cinya.

Da ya farfaɗo, sufeto ya bar Sitiyari ya shiga ganinsa da ankwa a hannu. Auta ya buɗe ido da ƙyar.

"Yaya, ɗan sosa mini babban yatsan ƙafar nan. Ƙaiƙayi yake yi."